Gabarin Yayanka Aro Ne

Gure, 28 ga Agusta

Zuwa ga ƙanen mijina Sahabi, a Yamai.

“Aro ne, matarmu. Kafin a ci sabon gero zai dawo mazauninsa, ko a kaina ne zan ɗauko shi.” Maganarka ce wannan, Sahabi, ban ƙara mata ko wasali ba. A zauren gidan nan ka faɗe ta, washegarin sadakar arba'in ɗin yayanka, gwaggonku Ya Kaka tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. An ci sabon geron, an ci wanda ya biyo shi, ga na uku ya fara fitar da kai a gonakin hanyar Kelle, gabarin yayanka kuwa yana Yamai.

Na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba, kuma ni da na tsufa ina koya wa yara tsarin wasiƙa a lakwal ba zan ce mantuwa na yi ba. To, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da A'isha da yaranku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a sana'arka. Da gaske nake wannan addu'a, fushi bai hana ta fita ba. Mu ma nan sai godiya. Damina ta yi jinkiri amma ta sauka. Ya Kaka gwiwa ta matsa mata, sai dai bakinta yana nan yadda ka san shi. Zainabu, babbar ƴata, ta sauka lafiya a Bune, an sami namiji, an maida sunan yayanka. Autata Hindatu kuma ta ci jarrabawar Bepese, an ba ta gurbi a lise, babbar sakandare. Wannan albishir na so in yi maka da bakina, amma salularka ta koyi gane lambata, da na kira sai ta yi ta kuka ita kaɗai. Shi ya sa na koma takarda, na ba Ɗan Talata direba, shi da ya san ƙofar shagonka.

Zan yi bayanin gabari kamar ba ka san shi ba, don na san A'isha za ta karanta wannan takarda, ina kuma so ta san abin da ke tsaye a tsakiyar shagon mijinta. A'isha, teburin ƙarfe ne, yayansa ya ƙera shi da ƙarfen shasin wata tsohuwar mota. A kansa akwai maƙalai da kusoshi masu riƙe bututu, kowane a inda ya kamata, kafin a sa masa wutar walda. Ƙarfe idan ya ji wuta motsi yake yi, idan yana hucewa ya sake motsawa. Wanda ba a ɗaure ba sai ya karkace, keken da aka yi da shi kuma ya yi ta ja gefe guda har ya mutu. A kan teburin nan baban yara ya haɗa kekuna masu dogon baya na ƴan ga-ruwa, da masu faɗin taya saboda rairayin garin nan, da na duk wanda keken kasuwa ya yi wa kaɗan ko ya yi wa yawa. A kansa ne mijinki ya fara riƙe bututu, yana ƙona yatsu yana zuwa wurina in shafa masa man shanu.

Gefe guda na teburin kuwa ba na kasuwa ba ne, na Hindatu ne. Kai ka sani, Sahabi, shan inna ya cinye mata ƙafafu, ya raunana hannun hagu, ya ɗan tanƙwara mata baya. Keken guragu na kowa da kowa, wanda abin murzawarsa ke tsakiya daidai, wahala yake ba ta, domin hannun dama ne ke yin aikin duka, sai keken ya yi ta zagaye. Shi ya sa yayanka ya gusar da sandan murzawa zuwa dama da faɗin yatsa biyu, ya karkata kujera kaɗan, ya kafa wani ɗan ƙarfe a kan teburin da ke riƙe wannan karkatar. Kunnen Hindatu muke ce masa a gidan nan. Kusa da shi akwai jerin ramuka. Kowace Babbar Sallah sai ya zaunar da ita, ya gwada ta da igiya daga kafaɗa zuwa tafin hannu, ya huda sabon rami. A shekarar da ciwo ya kama shi, da ya ga jiki ya ƙi, ya kira Zainabu ya gwada hannunta, ya rage abin da ya san shan inna ya rage wa ƙanwarta, ya huda ramuka uku a gaba, na shekarun da ya san ba zai gani ba. Ina riƙe masa bututun ranar.

Yanzu ga abin da ya faru. Keken da ya yi mata na ƙarshe ta fi ƙarfinsa, gwiwarta tana taɓa ƙarfe, kuma a watan jiya ya karye a wuya. Na kai wa Musa mai walda na bakin tasha. Mutumin kirki ne, tun kafin ya taɓa ya faɗa mini cewa ba gabari sai dai ya gwada da ido, kuma ido ba ya riƙe ƙarfe mai zafi. Na ce ya gwada. Ya zana a ƙasa da gawayi, ya tokare bututu da bulo, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Keken ya fito da kyau a ido, amma hagu yake ja, gefen da ba ta da ƙarfi. Ranar kasuwa ta hau shi za ta gidan ƙawarta, a gangaren bayan masallaci ya kwashe ta ya zuba cikin shingen ƙaya. Masu jakuna ne suka ɗauko ta. Na zauna da allura ina cire mata ƙaya daga kafaɗa har la'asar, ba ta yi kuka ba. Da na gama sai ta ce in bar zancen lise bana, ta jira baɗi, kada in ɓata da Baba Sahabi saboda ita. Wannan maganar ta fi mini ƙayar zafi. Lise tana can ƙarshen gari, bayan tudun rairayi. Ba mai goyon budurwa safe da yamma, kuma na ga yara da yawa da suka ce sai baɗi, ban ga wanda ya komo aji ba.

Na aika maka saƙon murya, ka saurara, alamar ta nuna. Amsarka ta iso makon jiya a saman kar, motar fasinjan da Ɗan Talata ke ja: sabon gabari, shuɗi, yana warin fenti, a naɗe cikin kwali kamar kayan lefe. Ɗan Talata ya sauke shi a ƙofar gida, yana sunkuyar da kai, ya isar da saƙonka: wai wannan ya fi tsohon, na zamani ne, in riƙe shi a madadin wancan, ai ƙarfe ƙarfe ne.

To zauna in maimaita maka darasin da nake yi wa ƴan aji uku. Gero ake rance. Gishiri ake rance, da man gyaɗa. Ka ci, ka kawo irinsa, magana ta ƙare, don ba wanda ya san ƙwayar geronsa da suna. Jaki kuwa aro ake yi, da gatari, da tabarma, kuma wanda ya ari jaki ba ya komo da wani jakin ya ce ai wannan ya fi ƙiba. Abin da ka ɗauka shi za ka mayar. Ko a littattafan fiƙihu babin aro daban, babin rance daban, na duba don kada fushi ya sa in yi maka ƙarya. Kai da bakinka ka zaɓi kalmar, ba ni na sa maka ita ba. Na tambayi Ya Kaka ko kunnena ne ya ji ba daidai ba. Ta ce aro ka ce, da Hausa ka faɗa, ka kuma maimaita mata da Barbarci don ta zama shaida. Sauran abin da ta ce a kanka da Barbarci ba zan rubuta ba, saboda yara.

Duk da haka ban raina kyautarka ba tun ban duba ba. Na kira Musa, muka buɗe, muka ɗora bututu. Gabari ne mai kyau, na kekuna masu ƙafa biyu, kome nasa a tsakiya cif, an yi shi don mutum mai hannu biyu masu ƙarfi ɗaya da baya miƙaƙƙe. Ba kunne, ba rami. Bai san Hindatu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami da safen nan kuwa shi ne maganar da ta suɓuce wa Ɗan Talata yana shan ruwa a zaure. Ya ce ya ji kana gaya wa abokan aikinka akwai wani ɗan ƙarfe a gefen teburin da marigayi ya kafa a karkace, yana kama maka riga, za ka sa inji ka yanke shi, ka kuma cike ramukan nan da walda don teburin ya yi sumul. Sahabi, kai da ka girma a shagon nan! Kai ka taɓa ganin yayanka ya kafa abu a karkace ba dalili? Mutumin da ke warware aikin yini guda saboda faɗin farce? Kana zuwa cin tuwo gidan nan lokacin da ake kiran ƙarfen nan da sunan ƴar yayanka, amma da yake hankalinka yana kan miya, ba ka ji ba. Idan ka riga ka taɓa shi, ka kira ni yau ka faɗa mini da bakinka. Idan ba ka taɓa ba, ka ɗaura masa tsumma ka bar shi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce aiki ya yi maka yawa, masu kai kaya a Yamai sun gane kekunanka masu dogon baya, idan ka ɗaga teburin shago zai tsaya. Ban yi maka baƙin ciki ba. Na ga hoton allon shagonka, sunanka da manyan baƙaƙe, na ce Allah ya ƙara. Amma damina biyu teburin yana gabanka, kana da ma'auni, kana da wuta, kana da hannun da yayanka ya koyar. Me ya hana ka kwaikwayi gefen da kake buƙata ka maido wa marainiya nata? Wanda ya iya aiko da sabo Gure ya iya ajiye sabon a shagonsa. Ga shi nan na maido maka tare da wannan takarda, ban cire ko kwalinsa ba, ka gyara shi yadda kake so.

Wasan da ke tsakanina da kai, na matar wa da ƙanen miji, na naɗe shi na rataye. Kada ka kira ni matarmu sai ranar da teburin nan ya tsaya a kan ƙafafunsa a shagon yayanka, inda har yanzu sawunsa huɗu ke nan a kan daɓe, ina sharewa ina kewaye su.

Ka gaida A'isha da kyau, ita ba ruwanta. Dabinon Bune da ke cikin jaka nata ne da yara, an ƙulle bakin jakar da sunanta. Ka gaida Hasan da ƙannensa, ka ce su yi karatu. Zainabu da mijinta suna gaisuwa. Ya Kaka ta ce a gaida A'isha. Hindatu ta ce in gaishe ka, in kuma ce ba kome. Na isar da gaisuwar, sauran ban yarda da shi ba.

Musa ya ce idan gabarin ya zo, mako guda ya ishe shi ya haɗa mata keke a rami na gaba. Ana buɗe makarantu farkon Oktoba, kuma tana buƙatar ta saba da shi kafin nan. Saboda haka na ba ka zuwa ranar goma sha biyar ga Satumba. Ɗan Talata ya yarda zai ɗauko, da kunnensa, da ramukansa. Idan ranar ta wuce bai iso ba, washegari zan ɗora karkataccen keken nan a saman kar, da sauran ƙayar da ke maƙale a kujerarsa, in taho Yamai. Zan ajiye shi a ƙarƙashin allon nan mai sunanka, in shimfiɗa tabarma kusa da shi. Ba zan ɗaga murya ba. Duk wanda ya zo yin keke ya tambaye ni na wane ne wannan, zan ce na ƴar wan mai shagon ne, da shi za ta lise. Ya Kaka ta ce gwiwarta za ta iya zaman mota, ta riga ta wanke zanenta. Ba za mu tashi ba sai da teburin.

Ramuka uku ubanta ya bar mata, Sahabi. Ko ɗaya ba ta shiga ba tukuna.

Wassalam. Ni ce matar yayanka,
Zulai