Wasiyyar Su'ad Kan Wayarta Da Sunan Berthe

Da sunan Allah. Ni Su'ad, ina rubuta wannan lafiyata ƙalau, hankalina a jikina, kafin na tafi Rey Bouba zama wurin Goggo. Zuwa gare ku ƙannena, Khaula da Mahfuzu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Hotunan Yaya Ƙaltume da suka bazu, kanta ba ɗankwali, ba Berthe mai kitso ce ta fitar da su ba. Ta wurina suka fita. Berthe ta turo mini su a Facebook don Yaya ta ga kitsonta gaba da baya. Washegari a tashar mota ta Roumdé Adjia na ga wifi na kyauta, na shiga don ba ni da kiredi a waya. Wani shafi ya nemi sunana da lambar sirrina ta Facebook, na rubuta. Bayan kwana biyu wani ƙazami ya liƙa fuskar yayarmu a shafin 'yan iska, maza suna rubuta abin da ba zan maimaita ba.

Na ɗaya. Wayata ta Khaula ce. Na goge komai, na sauya lambobin sirri.

Na biyu. Wifi da ba ku san mai shi ba, ku bar shi. Wanda ya nemi lambar sirri kuwa ɓarawo ne. In kiredi ya ƙare, ku haƙura.

Na uku. Mahfuzu, caja da abin sauraro na kunne naka ne. Ka daina buɗe saƙon Baba a wifin bakin kasuwa.

Na huɗu shi ya fi nauyi. Inna ta tsaya a ƙofar Berthe ta kira ta maciya amana, matan unguwarmu Djamboutou suka daina kai mata kawunansu. Ina tsaye a wurin, bakina a rufe. Ƙyamar da nake wa ɓarawon nan ba ta kai wadda nake wa shiruna ba. Ku karanta wa Inna wannan takarda, ku raka ta ta nemi gafara.

Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa wa Yaya asiri. Kada ku bari gidanmu ya rabu a kaina.

Sau biyu na rubuta takardar nan. Ɗayar na kai wa Berthe da hannuna yau da safe, na tsaya har ta gama karantawa.