Mura a Tsakiyar Bazara

Sabon Gari, Kano
4 ga Maris, 1957

Zuwa ga uwargida Magret,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Inna, yaya mutanen Wusasa? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji uku muka rabu da boko, ba wanda ya yi kewar wani.

Tun tafiyarki jinyar Innarki na zama jakin 'ya'yanki. Da safe Albert a gaban keke, Biriskila a baya, in sauke su makaranta, in sheƙa kamfani kafin Bature ya nemi masinja. Da yamma ita tana koyon ɗinki wajen Madam Monica, shi yana ƙwallo a Fagge, babbansu Ernest yana gwajin waƙa a coci. Ran Laraba na rikice, na kai Albert wajen ɗinki. Ya ce, "Baba, ni za a ɗinke?"

Ga babban labari: Malam Gana mai koyar da mawaƙa ya zaɓi Ernest ya rera shi kaɗai ran Ista. Na laɓe a taga na saurara. Magret, murya siririya kamar sarewa, har na waiwaya ina neman uban yaron. Ke dai ki zo ki ji da kunnenki.

Mijinki mai feda,
Zakka

Wusasa, Zariya
12 ga Maris

Maigida,

Bayan gaisuwa, Inna da sauƙi, ta fara shan kunu. In Allah ya yarda zan shigo jirgin Asabar ɗin Ista. Ban taɓa jin babban yaron shi kaɗai ba, kullum cikin taro yake ɓuya. Kada ya sha ruwan randa mai sanyi. Ka kuma tabbata Biriskila tana tsefe kanta.

Taka,
Magret

Sabon Gari
29 ga Maris

Magret,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya. Mura ta kama Ernest cikin wannan zafin da kare ma ba ya fita. Ba tari, ba majina, muryar ce kawai ta lalace. Ya fara baiti lafiya lau, sai ta zame kamar sarƙar kekena, ta faɗa rami, ta dawo da kukan zakara. Albert ya yi dariya, ya sha ranƙwashi.

Na ba shi zuma, na ba shi citta, na ba shi ɗanyen ƙwai har kazar maƙwabta ta daina gaishe ni. Shiru. Na yanke shawara: ran Asabar ta sama zan kai shi Fagge wajen Dabo wanzami ya cire masa beli. Kada ki damu, kafin ki iso ya warke.

Likitanki,
Zakka

Wusasa
2 ga Afrilu

Maigida,

Gaisuwa a taƙaice. Kada aska ta taɓa min yaro! Wane beli kuma? An cire shi tun kafin suna, kana bayan ɗaki ka toshe kunnuwa.

Na karanta wa Inna takardarka, ta yi dariyar da ba ta yi ba tun da ta kwanta. Ta ce ka ja shi cikin rana ka dubi leɓensa na sama.

Ni ban yi dariya ba. Muryar da ka ce in zo in ji, ta tafi ke nan, ba dawowa? Ga shi zazzaɓin Inna ya juyo, Ista a nan za ta same ni.

Magret

Sabon Gari
23 ga Afrilu

Uwargida,

Barka da Ista, a gaida Inna. Na duba. Gashi ne, Magret, baƙi-baƙi, sun jeru suna kallona. Wandonsa ya tsaya a ƙwauri. Yaushe aka yi haka? Kullum ina jigilarsu, idona a kan hanya, ban taɓa juyowa na kalli fasinja ba. Biriskila ma, ashe rigar da ke jikinta ita ta ɗinka.

Malam Gana ya ba wani yaro waƙar. Ernest ya ce shi da coci sai baɗi. Na ce, "Kai, tun kafin a haife ka nake yi wa Allah waƙa da muryar kwaɗo, bai taɓa aiko min da sammaci ba. Tashi mu tafi."

Ya zauna kusa da ni a bencin maza, baki a rufe. Sai a baitin ƙarshe na ji wata murya a gefena, mai kauri, daga can cikin ƙirji. Muryar Babana ce, Magret, yadda yake ja in yana waƙa a gona. Mutumin da aka binne kafin yaron nan ya zo duniya! A ina ya same ta? Wa ya ajiye masa?

Na kasa ci gaba, na tsaya baki buɗe. Tsoho Hambali ya zungure ni daga baya, ya ce, "Zakka, yau ka yi wa jama'a alheri da ka yi shiru."

Waccan muryar ta wuce ki, kuma ban iya rubuta sauti ba. Amma wannan tana nan tana jiranki.

Naki, uban wani ƙato,
Zakka

Wusasa
27 ga Afrilu

Maigida,

Inna ta miƙe, tana gaishe ku. Zan shigo jirgin Talata. Kai ka tsaya da ƙananan, Ernest ya zo tasha ya tarbe ni. Ka ce masa kada ya matso inda zan gan shi. Ya tsaya cikin mutane ya kira ni daga baya. Ina so in ga ko zan waiwaya.

Sai na zo,
Magret