Kar Ki Aza Tukunyar Nan Wuta

Salamu alaikum Yaya Hajo, ina gajiya, ina yara da maigidan? Mu nan Tambuwal lafiya lau.

Yaya, tukunyar miyar da na aiko miki, don Allah kar ki aza ta wuta tukuna. 'Yar'uwarta da na saya wa Inna wurin matar nan mai tukwane ta Kebbe, jiya na goga mata farin ƙyalle, sai ga shi ya yi baƙi, har da warin man inji! Inna ta sunsuna ta ce, "Wagga ba makuba ba ce, makuba ba ta bin hannu." Na koma wa matar, ta rantse makuba ce, wai ruwan ɓawon ɗorawa ne ta shafa wa tukwanen, amma ta kasa duban idona.

Ki goga taki. In ƙyallen ya yi baƙi, fasa ta, na yafe.

A gaida kowa, a sa mu addu'a.

Ƙanwarki, Saratu.