Tafiya Ba Biki Ba Suna

Bakin tafkin Deep Creek, Maryland,
Ran Talata.

Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙafar taka da sanyin safiya? Ina fata shan maganin kake yi, ba ajiye shi a bayan rediyo ba. Yaya Zariya, yaya mutan gida? Ni dai ɗinkin aikin zuciyar da aka yi mini ya kama, alhamdu lillahi, har ina hawa bene ba haki sosai.

Takarda nake rubuto maka domin ɗanka Imrana ya karɓe wayata wai za a gyara, alhali lafiyarta ƙalau. Taka kuma ya ce ta faɗa ruwa. Waya biyu a mako guda, ɗaya a Zariya ɗaya a gidansa na Germantown? Da walakin, goro a miya.

Ka san inda ya kawo ni? Wani gari ne a kan duwatsu, muka yi ta hawa a mota har kunnuwana suka toshe. Ba biki, ba suna, ba mu da kowa a nan, ko masallaci ban gani ba. Wai hutu. Gidan katako ya kama mana, ruwa a gabanmu, kurmi a bayanmu, garwar shara ma da sakata saboda wata dabbar dawa. Wurin da kyau, ba zan ci amanarsa ba. Ganyaye sun yi ja kamar an sa musu lalle. Amma tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an ɗauki mai jinya an kai ta jeji ta huta ba.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ranar da za mu taso, ta taga na hango matan Hausawanmu na garin Lanham sun sauko daga mota da kulolin abinci. Imrana ya yi wuf ya tare su a wurin ajiye motoci, suka yi ƙus-ƙus, suka juya da kayansu. Hausawa su zo har ƙofar gida su koma ba su gai da tsohuwa ba, kai ka taɓa ji? Matarsa Mufeeda kuwa, da na shigo ɗaki sai ta juya harshe zuwa Turanci, in da uwarta ta Kumasi take waya sai ta koma yarensu.

Zan adana takardar nan har in sami mai zuwa gida. Ka gaida kowa da kowa.

Taka,
Gaji.

Ran Alhamis.

Malam,

Ina sake gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya kai da duk wanda ke ƙarƙashinka.

Na gano su. A saman tudu akwai wani dogon gida, tsofaffin Turawa jere a kujeru, an lulluɓe musu gwiwa da bargo suna kallon ruwa, ba ɗa ba jika. Da muka zo wucewa Imrana ya rage gudu. Ya ce kwanar hanya ce, ni kuwa ba yau aka haife ni ba. Irin gidan nan ne da ake labari, inda 'ya'yan ƙasar nan suke ajiye iyayensu su tafi. Biri ya yi kama da mutum, domin da na buɗe jakar da Mufeeda ta haɗa mini, magungunana kaf suna ciki, amma babu kwalli, babu turare, babu awarwaro, zannuwan ma duk marasa ado ta zaɓo. Wa ake yi wa irin wannan shiri in ba wadda aka gama da ita ba?

Tsoro nake ji, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Na zo jegon matarsa, ciwo ya kwantar da ni, na zame musu kaya. Amma ban zauna haka ba. Na ɗauki jaririyarsu Haleema na goya, na ɗaure da majanyi. Da ita nake cin abinci, da ita nake zaga gida, in zan yi salla ina kwantar da ita a gefen darduma, tsakanina da bango. Mufeeda har da hawaye, wai likita ya hana ni ɗaukar nauyi. Na ce likita bai taɓa goyo ba. In sun isa su tayar da mota su bar 'yarsu.

Jiya sun sa ni a jirgin ruwa, aka ɗaura mini wata riga mai kumburi kamar buhun auduga. Na rungume yarinyar gam. Da direban ya yanki ruwa iska ta fizge mini ɗankwali, ban san lokacin da na ƙyalƙyale da dariya ba. Na waiga, sai na ga ɗanka ya kau da kai yana share ido. Ya ce iska ce. Ba ya cin abinci, sujadarsa ta yi tsawo. Mai shirin yar da uwarsa ai dole tuwo ya gagare shi.

Ka nemi aron waya ka kira shi. Kai kaɗai yake jin tsoro.

Matarka mai jiran amsa,
Gaji.

Ran Asabar.

Malam,

Na ɗauki biro zan tambayi lafiyarka kamar kullum, hannuna ya ƙi.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofa. Na ƙara ɗaure goyona, na ce masu ɗaukata ne suka iso. Sai ga amininka Malam Idrissa na Lanham, da babbar riga, matarsa a bayansa. Bai tsokane ni da amaryar Zazzau ba kamar yadda ya saba. Ya bar kujera ya zauna a ƙasa, matarsa ta zo ta kwance mini yarinyar da kanta. Kafin ya buɗe baki na sani. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ashe matan Lanham gaisuwarka suka zo yi. Ashe yaron gudu ya yi da ni inda masu ta'aziyya ba za su same mu ba, har likita ya yarda zuciyata za ta ɗauka, har babba ya zo ya faɗa mini, tunda ba maganar bakin ɗa ba ce. Ita kuma baiwar Allah Mufeeda kayan takaba ta haɗa mini, ina ta zarginta. Ranar da nake dariya a kan ruwa, ranar ake sadakar bakwai ɗinka.

Na juya zan yi wa Imrana faɗa, Malam Idrissa ya dakatar da ni. Ya ce kai ne uban tafiyar. Kana kwance a asibiti ka kira shi da Imrana, ka sa suka yi maka alkawari kada Gaji ta ji sai ɗinkinta ya warke. Kai da ko goro ba ka iya ɓoyewa a aljihu. Na zargi ɗa, na zargi suruka, na zargi tsofaffin mutane da ba su san ina yi ba, ban taɓa kawo ka a raina ba.

Ina fushi da kai, Malam. Ka tsare mini zuciya, ka hana ni abu guda da ake yi wa tafiya irin wannan. Da ka bari an kara mini waya a kunne, da na ce ka yafe mini, kai ma ka ce in yafe maka. Malam Idrissa ya ce ka bar saƙo ka yafe. Na gode, amma a bakin wani na ji.

Gobe za mu sauka Germantown in zauna a karɓi gaisuwa. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Nawa ga shi da hannuna, tunda ba wanda zan aika: na yafe maka duniya da lahira, har da wannan.

Matarka,
Gaji.