Kyaftin Tagulla a Cikin Kwalinsa

Duluth, 3 ga Nuwamba

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanenka na roba, 'yan tsanan nan da kake tarawa.

Na gama kwashe kayan Mama tunda ta koma gidan tsofaffi. A saman kabad ɗinta na tsinci wani ƙunshi cikin takardar Kirsimeti, an rubuta "Duane, 1977", wato shekarar da yayanmu ya rasu. Takardar ta yage ta gefe, na leƙa: ɗan tsanan jarumin nan ne mai jan mayafi da kake ta nema, Kyaftin Tagulla. Ba a taɓa buɗe kwalin ba.

Ƙanwarka,
Lorna

Toledo, 9 ga Nuwamba

Lorna,

Bayan gaisuwa, kada ki taɓa shi. Kada ya ga rana, kada ki goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma yadda kika saba. Shekara talatin ina zagayen kasuwanni, uku kawai na gani, duk buɗaɗɗu. A wurinmu masu tara irinsu, wanda aka buɗe abin wasa ne kawai. Na riga na share masa wuri a bayan gilashi.

Ki gaida Mama.
Wendell

Duluth, 20 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi kuskure na kai wa Mama ta gani. Sunana ta manta, amma kwalin nan ta gane shi nan take. Yanzu kullum maganar ɗaya ce: "Duane bai buɗe kyautarsa ba? Me yake jira?" Jiya ta ƙi cin abinci a kai. Likita ya ce da wuya ta ga bazara.

Ni ban ce ka yi komai ba. Kwalin na nan a ɗakinta. Sai dai ka san da ka fara furfura kamannin Duane suka fito maka, ko ita ce take ganin haka a hotonka.

Ka huta lafiya,
Lorna

Toledo, 4 ga Disamba

Lorna,

Na zo ranar Talata kina wurin aiki, ban tsaya ba.

Da na shiga ɗakin Mama ta ce, "Sai yanzu, Duane?" Na ce hanya ce ba kyau. Ta miƙo min kwalin, ta zuba ido. Na sa farce na ɓare.

Igiyar robar da ke riƙe gaɓoɓin Kyaftin ɗin ta ruɓe tuntuni, ashe kwalin ne ke tallafe da shi. Ina ɗaga shi hannuwa da ƙafafu suka zube a kan bargonta. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai dai abu ba ya kwana a hannunka. Ka yi koyi da Wendell mana."

Ta cinye abincinta. Gaɓoɓin suna aljihun tebur, ki bar mata su.

Yayanki,
Wendell