Ashe Fordham Mutum Ne

Zuwa ga Yayata Hussaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Inna da yara kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Mu nan unguwar Highbridge sai godiya, amma mijina Gafaru yana asibiti, ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa.

Ranar Talata bayan azahar ya kira ni, numfashinsa sama-sama, ya ce an soke shi. Na ce a ina, ya ce Fordham, wayar ta katse. Yaya, Fordham babban titi ne a nan yankinmu na Bronx, can yake kai wa mutane abinci a keke. Ko takalmi ban sa ba na faɗa lifta ta sauko da ni ƙasan bene, maƙwabcinmu Hamidou ya ɗauke ni a tasinsa. Muka yi ta zagaya titin, ina ihu kamar mahaukaciya.

Sai daga baya na ji, ashe a cikin gininmu abin ya faru. Wasu samari biyu suka biyo shi matattakala don su ƙwace keken. Kin san taurin kan Gafaru, ya ƙi saki. Suka buga kansa da bango har haƙoransa suka zube, ɗayan ya luma masa wuƙa a ciki, ya ƙara masa a cinya. Ya ja jiki, jini na bin sa, har ƙofar wani tsohon Bature a hawan da ke ƙasa da namu. Ni Mai Kare nake ce masa, ina ganin karensa nake tattare zani in kauce. Shi ne Fordham! Na ɗauka mu kaɗai muke laƙaba wa mutum sunan gari, su Malam Gaya da Alhaji Gusau. Tsohon nan ya danne cikin Gafaru da tawul, jini har gwiwar hannunsa, har motar asibiti ta zo. Likita ya ce ba don haka ba da gawa za su ɗauka. Har yanzu in na tuna lifta ta wuce da ni ta gefen Gafaru ban sani ba, sai in kama salati.

Ki gai da Inna da Kawu Tsoho da Faruƙ. Don Allah a sa liman ya yi wa Gafaru addu'a, a haɗa da Fordham. In ya tambaya wane gari ne wannan, ki ce masa mutum ne.

Taki ƙanwa,
Habiba