Na Karkata Maka Tsaninka, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya kawar da ciwo daga gidanka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a tsaye, ka san kuwa ta warke.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne injin cika kwalabe da ka bar mini a masana'anta. Makon jiya kwalba ta maƙale, Dogo mai kula da injin ya buɗe ƙofar kariya ya zura hannu, injin bai tsaya ba. Allah Ya taƙaita, fatar yatsu biyu kawai ya kwashe. Manaja ya ce in ƙara umarni a cikin akwatin da ke sarrafa injin, ta yadda da an buɗe ƙofa komai zai tsaya cak. Na buɗe tsanin umarnin da ka rubuta a kwamfuta, wato jerin nan mai layi-layi kamar matakan tsani, na sa layina guda, sai akwatin ya ƙi karɓa. Ƙwaƙwalwarsa ta cika. Gurbi goma sha ɗaya nake buƙata, uku suka rage.

Na yini ina bin tsanin layi-layi, ina kuma sha'awarsa, don wallahi ka iya tsari. Kowane layi tsawonsa ɗaya da na ƙasansa, kamar an ja da zare. Sai da la'asar na lura da yadda ka yi: duk layin da ya gajarta, sai ka cusa masa makunnin da kullum a kunne yake, ba ya aikin komai sai cike gurbi don ido. Yaya, ai kowannensu yana cin wuri! Na ƙirga ɗari da arba'in da shida. Na yi dariya, sai kuma raina ya ɓaci, domin na san wannan tsanin ne abin alfaharinka, a kansa ka koya mini aikin, kana cewa mai gyara na gaba ya cancanci ya ga abu a miƙe. Gaskiyarka ce, amma ba a ƙaramin akwati irin namu ba.

Na goge su duka. Ji na yi kamar ina yanka rigarka. Yanzu tsanin ya zama wani layi dogo wani gajere, ba za ka so ganinsa ba. Layin ƙofa ya shiga. Dogo ya ce shi zai gwada da kansa. Ya buɗe ƙofar, injin ya tsaya, ya daɗe yana kallon bandejinsa.

Ban rubuto don in nuna maka na iya ba, kai ka san ni. Tsoro ne ya hana ni yin shiru. Ka taɓa gaya mini cewa injinan da kake kula da su a can ma haka kake jera su. Don Allah ka buɗe ka duba gurbi nawa ya rage, tun kafin wani ya zura hannu.

Ka gaishe da Anti, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Kawu da Goggo suna gaishe ka, Inna ta ce ka kira.

Ƙanwarka,
Auta